Damagaram: 'yancin wa muke waƙa?

A shekarar 1885 aka buga wani littafi a birnin Landan mai suna Magana Hausa. Wanda ya tattara shi wani malamin mishan ne haifaffen Jamus, James Frederick Schön, amma kaso mafi tsoka kuma mafi rai na abin da ke ciki daga bakin wani saurayi ɗan ƙasar Damagaram ya fito, sunansa Dorugu. Shi ya riƙa ba da labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa, Schön yana rubutawa. Masana adabi sukan sa wannan labari cikin zuben Hausa na farko-farko da aka buga da boko, kusan shekara 50 kafin gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Ke nan in ana lissafin iyayen zuben Hausa, Damagaram tana sahun gaba. Sai dai wanda ya kai ta wannan matsayi, bawa ne aka fitar da shi daga ƙasar.

Tsaya a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ka tambayi 'yan makaranta wane ne Tanimun, za su ba ka amsa kafin ka rufe baki. Ambaci Amadu Kuran Daga, za su ce maka Tirmini. Ka ce Dorugu, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunan. A cikin wannan giɓi tambayar 'yanci da daidaito take kwance a ƙasarmu. Mun iya waƙar 'yancin ƙasa daga hannun baƙo. 'Yancin mutum daga hannun ɗan'uwansa kuwa, muryarmu ƙasa-ƙasa take yi idan an zo kansa.

An haifi Dorugu wajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance. Yana yaro aka kama shi a wani hari, aka bi da shi ta Zinder, daga nan aka gangara da shi Kukawa, babban birnin Borno na lokacin, inda ya faɗa hannun wani Balarabe. A can ya gamu da Adolf Overweg, ɗaya daga cikin Turawan da gwamnatin Ingila ta turo binciken ƙasashen Sudan. Overweg ya fanshe shi ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a bakin Tafkin Chadi a watan Satumba na 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth ya ɗauki yaran biyu. A ƙarshen wannan shekarar ayarin Barth ya sauka a Zinder kan hanyarsa ta yamma. A tsaya a duba wannan da kyau: yaron da aka ratsa da shi garin nan a matsayin haja, ga shi ya dawo cikinsa yana ɗa, yana bin kasuwar da ake sayar da irinsa, ba kuma abin da ya raba shi da waɗanda ke zaune a rumfar dillali sai kuɗin wani baƙo da ya ga dama. Daga nan suka bi ta Katsina da Sakkwato da Gwandu har Tumbutu a 1853, suka komo Kukawa, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka isa Landan a 1855.

Abin da ke burge mai karatu a labarin Dorugu shi ne idonsa. Turawa sun daɗe suna zuwa suna kallonmu suna rubutawa. A nan ga ɗan ƙauyen Kance yana kallon Turawa, yana bayyana yadda suke shirya teburin cin abinci, da tufafin matansu, da al'adunsu na karɓar baƙi, cikin natsuwa irin ta wanda bai ɗauki kansa ƙasa da kowa ba. Wannan shi ne daidaito a aikace, tun kafin wani ya zo ya koya mana shi a aji.

Amma ko 'yancin nasa cikakke ne? Barth ya shirya mayar da yaran gida. Schön, wanda ke buƙatar mai jin Hausa don aikin nahawu da fassara, ya nemi su zauna, suka zauna, har abin ya jawo saɓani tsakanin Turawan biyu. Abbega ya koma a 1857, Dorugu sai 1864. Ana cewa su suka zaɓa. To, yaro ɗan shekara 15 ko 16, ba uwa ba uba, ba ko sisi nasa na kansa, a ƙasar da bai san kowa ba sai masu ciyar da shi, zaɓinsa bai wuce tsakanin ubangida da ubangida ba. An cire masa sunan bawa, ba a ba shi ƙasar da zai taka da ƙafarsa ba. A ƙarshen rayuwarsa ya yi aiki a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano, a can kuma ya rasu a 1912.

Wace Damagaram ce ta sayar da shi? Muna da shaidar wani da ya gani da ido. James Richardson, shugaban tawagar su Barth, ya zauna a Zinder daga Janairu zuwa Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Ibrahim. Ya rubuta cewa bashin fatake ya yi wa fada katutu, hanyar biya kuwa ita ce a fita hari. Ya ga dawowar mahara, ya ga jerin kamammu ana shigowa da su gari: yara tsirara, mata da goyo, tsofaffi suna jan ƙafa. Ya kuma ji cewa ƙaramin laifi, ko da satar 'yan allurai ne, yana iya kai yaro kasuwa. Richardson baƙo ne, ɗan gwagwarmayar hana cinikin bayi ne, wani abin ma a bakin 'yan kasuwa ya ji shi, don haka ba a haɗiye maganarsa ɗungurungum. Sai dai jigon abin da ya faɗa ya dace da abin da tarihin baka da binciken masana suka tabbatar.

A wannan shekarar ta 1851 Tanimun ɗan Sulaiman ya koma gadon sarauta, ya riƙe ta har 1884. Shi ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa, ya tara bindigogi, ya sa maƙeran gari suka ƙera igwa, ya faɗaɗa ƙasa, ya mai da Zinder babbar tashar ayarin da ke tsakanin Kano da Agadas da Tarabulus. Fataken Larabawa da Buzaye suka cika Zango. Duk wannan gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Gaskiya ne kuma cewa cikin kayan da ke fita arewa, tare da fatu da gashin jimina, akwai mutane. Cewa gandaye da rumada da hannun bayi ake noma su. Cewa bindigar da ta kare Birni da kuɗin wani ɗan ƙauye aka saye ta. Ba a raba girman daular da wannan farashi.

Akan ce zamani ne, kowa haka yake yi, bai kamata a auna mutanen jiya da mudun yau ba. Ni ban karɓi wannan uzuri gaba ɗaya ba, dalilina kuwa daga cikin gida yake. Tun a 1615 Ahmad Baba na Tumbutu ya amsa tambayar mutanen Tuwat a littafinsa Mi'iraj al-Su'ud, ya nuna cewa launin fata ba ya halatta bautar da kowa, ya kuma lissafa Borno da Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki 'ya'yansu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, cikin abubuwan da ya yi wa sarakunan zamaninsa inkari, akwai bautar da 'ya'ya Musulmi. Malaman Damagaram sun san waɗannan hukunce-hukunce. Saboda haka sarkin da ya tura dawakai kan ƙauyen talakawansa don ya biya bashi ya san akwai haddi, ya ƙetare shi da saninsa. Dabarar da aka saba ita ce a laƙaba wa garin da ake so a ci sunan arna ko 'yan tawaye, sai hari ya zama halal. Dole kuma a faɗa cewa shi kansa haddin malaman bai rufe kowa ba: Azna da Maguzawa a waje ya bar su. Mutanen jiya suna da mudunsu, da shi ma aka auna su an sami tauye.

Wani uzurin ya fi wannan ƙarfi. Ana cewa bautar ƙasar Hausa ba irin ta gonakin Amurka ba ce. Bawa na iya yin murgu, ya yi sana'arsa yana biyan ubangida, har ya tara ya fanshi kansa. Bacucane, wanda aka haifa a gida, abin kunya ne a sayar da shi. Ƙwarƙwarar da ta haihu da ubangida ba a sayar da ita, ɗanta kuma ɗa ne, yana iya zama sarki. Bayin fada sun riƙe manyan muƙamai, Tanimun ma ya jingina da su ƙwarai wajen yaƙi da mulki. Duk haka ne. Amma masu wannan magana daga fada suke hangen abin. Ka hange shi daga Dambanas, daga wurin uwar da ta dawo daga rijiya ta tarar ba ɗanta, sai lissafin ya canza. Bawan sarki mai doki da alkyabba ɗaya ne cikin ɗaruruwa, shi ɗin ma ranar da sarki ya juya masa baya ba shi da dangin da za su tsaya masa, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa aka amince da shi tun farko.

Sai Faransa ta zo, ƙasar da ta rubuta 'yanci da daidaito da 'yan'uwantaka a kan tutar jamhuriyarta, ta kuma soke bauta a yankunanta tun 1848. Rundunar Voulet da Chanoine da ta ratso ƙasar Hausa a 1899 ta ƙone garuruwa, ta yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni, tana kuma raba wa sojojinta kamammun mata da yara a matsayin ganima. A watan Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka turo ya tsayar da shi. Cikin 'yan kwanaki sojojinsu baƙar fata suka juya suka kashe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi. Ragowar rundunar ce ta ci Damagaram a Tirmini ranar 30 ga Yuli, da hujjar ɗaukar fansar Kyaftin Cazemajou da aka kashe a Zinder a watan Mayu na 1898. Aka bi Sarki Kuran Daga aka kashe shi a watan Satumba. Dokar Disamba 1905 ta hana saye da sayar da mutane a Afirka ta Yamma ta Faransa, kasuwar bayi ta mutu a fili, wannan kuwa alheri ne ko daga hannun wa ya fito. Amma gwamnatin da ta hana bauta ita ta kafa aikin tilas, ta riƙa kwasar talakawa gyaran hanya da dako da gine-gine, ba a soke shi ba sai a 1946. Ɗa da bawa suka daidaita a ƙarƙashin bulalar gardi.

Akwai wani abu da ya faru a 1906 da ya kamata mu yi wa kanmu tambaya a kansa. Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Bassa da shirya tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi gudun dole Kwaddibuwa, suka ɗora Ballama, wani baban fada, a kan mulkin gari. Sai a 1923 aka mayar da sarautar gidanta, aka naɗa Barma Mustafa. Tuɓe sarki da baƙo ya yi zalunci ne, babu ja. Amma ka saurari yadda ake ba da labarin: abin da ya fi yi wa mutane zafi sau da yawa shi ne wai bawa aka ɗora. Faransawa sun san haka, don su wulakanta gidan suka yi. Sun sami makamin a shirye, mu muka ƙera shi. Ballama kansa, kafin ya zama abin zargi, yaro ne da wani ya kama, aka yi masa abin da ba a yi wa ɗan Adam don ya dace da hidimar cikin gida. Wannan ɓangaren na labarinsa ba ya cikin abin da ake gaya wa yara.

Marubutan da suka tashi bayan 'yancin kai na 1960 sun tarar da aiki na gaggawa a gabansu: an koya musu a makarantar Bature cewa ba su da tarihi, dole su mayar da martani. André Salifou, haifaffen Zinder a 1942, ya wallafa bincikensa kan Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971, ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna Tanimoune, aikinsa kuma shi ne tushen fim ɗin Mahamane Bakabé na 1982 kan makircin 1906. Shi ne ya shugabanci Babban Taron Ƙasa na 1991, jami'ar Zinder ma sunansa take ɗauke da shi yanzu. Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba, ya sha gudun hijira a Aljeriya, ya sha kurkuku zamanin Seyni Kountché, don haka da ya rubuta Sarraounia a 1980 ya san farashin abin da yake magana a kai. Sarauniyar Lugu da ya zana, wadda ta tsaya ta yi yaƙi da rundunar Voulet lokacin da wasu masu rawani suka sunkuya, ta zagaya duniya bayan Med Hondo ya mai da littafin fim, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Waɗannan mutane sun biya bashin zamaninsu, ba ni da abin cewa sai godiya.

Abin da ya rage shi ne jaruman adabinmu har yanzu masu sarauta ne. Zaɓin da muke ɗora wa nauyi shi ne na sarki: ya yi yaƙi ko ya miƙa wuya. Zaɓin dillalin da aka kawo wa yaro yana kuka da Hausa, yana kiran sunan Allah, bai shiga wasan kwaikwayo ba. Haka na malamin da aka nemi ya yi wa mahara addu'a, ko na uwargidan da aka kawo wa kuyanga sa'ar 'yarta. A nan ne halin mutum yake bayyana, a nan ne kuma adabi ke da abin tonowa. Laifi tudu ne, mun taka namu mun hango na Voulet.

Ko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fi kowane littafin Hausa kusantar wannan miki, a bakinsa ya tsaya. Ya nuna mana uwa ta bar gida neman ɗanta, ta faɗa bauta a hanyar Sahara, ta wahala har ƙarfinta ya ƙare, ba ta sadu da shi ba sai dab da ajalinta. Babu mai karanta wannan zuciyarsa ba ta karaya ba. Amma Makau, mutumin kirki na labarin, shi kansa mahari ne. Sharrin da aka yi masa a fada shi ne wai ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo. Littafin ya tausaya masa kan ƙazafin, bai tambaye shi su wane ne ya kamo ba. Komai ya tafi a kan ƙaddara. Shi ya sa labarin Dorugu yake da daraja ta daban, domin wanda aka kama ne yake magana da bakinsa. Da Hausa yake, kuma a Zinder aka fara buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a 1973. Ban ga abin da zai hana jami'ar garin ta juya shi zuwa rubutun yau, ta buga shi, ya shiga aji a Kance da Mirya da Zermu ba.

Mai cewa wannan duk tsohon zance ne, ya tuna da Hadijatou Mani. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jaka 240 ta kuɗin sefa a yankin Ƙonni, a matsayin wahaya, wato macen da ake ajiyewa bayan mata huɗu ba tare da aure ba. A 2005 ubangidan ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ai matarsa ce. Ta auri wanda take so, kotu ta yanke mata wata 6 kan laifin aure kan aure. Wannan fa bayan Nijar ta kafa dokar 2003 da ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ga mai bautar da mutum. Da taimakon ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ta kai ƙara kotun CEDEAO, ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta umarci a biya ta miliyan 10. Dokar tana rubuce tun kafin shari'ar. Wasu daga cikin alƙalan Nijar da suka saurare ta suna da zaɓi, suka zaɓi al'ada.

A cikin Zinder kanta akwai Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare da sauran waɗanda gari ba ya son gani. Wannan ba bauta ba ce, amma jijiyarsu ɗaya: a yanke wa mutum matsayi tun kafin a haife shi. Aicha Macky, 'yar garin, ta shiga unguwar da kyamara, fim ɗinta mai suna Zinder ya fito a 2021. Ta nuna jikoki da 'ya'yan waɗancan mutane, samari majiya ƙarfi, suna ɗaga ƙarfe, suna fasa dutse, suna kabu-kabu, suna fasa-ƙwaurin man fetur daga iyakar Najeriya, da yawansu ba su taɓa zama a aji ba. Gari na tsoronsu, yana kiransu 'yan daba. Macky ba ta wanke su daga laifin da suka aikata ba, ta dai zauna ta saurare su, ta bar su suka faɗi yadda suke ƙoƙarin fita. A ganina wannan fim ya yi abin da rubutaccen adabinmu ya daɗe yana kauce wa.

Wurin da abin ya fi kusa da kowannenmu shi ne aure. Yaro ya yi karatu, yana da sana'a, yana salla, unguwa ta shaide shi. An kai gaisuwa, an karɓa. Sai wata gwaggo ta ce a dakata a binciki asali. Bayan mako biyu a mayar da kaya, a ce Allah bai yi ba, kowa kuma ya san dalili: an gano kakan kakansa bawan gidan wane ne, ko maƙeri, ko mahauci. Ba a faɗa a fili, shi ya sa ba a iya musantawa. Masu yin haka sukan fake da addini, alhali mazhabar Malikiyya da muke bi ta ɗora dacewar ma'aurata a kan addini da hali, ba ta ba nasaba nauyin da wasu mazhabobi suka ba ta ba. Zaidu ɗan Harisa 'yantaccen bawa ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aura masa Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggonsa. Bilal ya auri 'yar'uwar Abdurrahman ɗan Aufu. Malamanmu sun san wannan sarai, ya kamata mu riƙa jin sa a huɗubar Juma'a da wurin ɗaurin aure, da sunan abin, ba da kewaye-kewaye ba.

Kai kuma mai karatu, in kana da 'ya ko ƙanwa a hannunka, ranar da aka zo nema gwaggo ta ce a binciki asali, kai ne waliyyi, bakinka ake jira. Ka bincika sallarsa da sana'arsa da yadda yake riƙe mahaifiyarsa. In waɗannan sun yi, ka sa rana.